Shukar kamun taki a gidajen leda

Shukar kamun taki wata shuka ce mai saurin girma da ake shukawa a tsakanin girbin amfanin gona guda da dashen na gaba, domin ta tsotse ragowar takin da ke cikin ƙasa kafin ruwa ya wanke shi zuwa ƙarƙashin ƙasa. A noman kayan lambu cikin gidajen leda ko na gilashi, ana amfani da ita musamman wajen rage tsiyayewar naitiret, wato nau'in sinadarin naitirojin da ke narkewa cikin ruwa ya bi shi. Shuke-shuken da aka fi amfani da su a wannan aiki sun haɗa da masara mai zaƙi, dawa, ciyawar Sudan, gero, alayyafo da wasu ciyayi na ƙasashe masu sanyi.

An fi nazarin wannan dabara a gidajen ledan arewacin ƙasar Sin, inda ake yaye ledar a lokacin zafi, a bar ƙasa babu shuka daidai lokacin da ruwan sama ya fi yawa. Ana kuma amfani da ita a Japan da Koriya ta Kudu da wasu ƙasashen Turai. Shukar tana rage asarar taki da gurɓatar ruwan rijiyoyi, amma abin da take iya ɗaukewa yana da iyaka. Saboda haka masana ke ɗaukar ta a matsayin ƙari a kan rage yawan taki da ruwan da ake zubawa tun farko.

## Ma'ana da bambancinta da sauran shuke-shuke

Akwai shuke-shuke iri uku da ake yawan haɗa su wuri guda domin dukkansu ba su ne ainihin amfanin da manomi ya dogara da shi ba. Na farko shi ne shukar rufe ƙasa, wadda aikinta kare ƙasa daga zaizaya da zafin rana da ciyawa. Na biyu shi ne ɗanyen taki, wato shukar da ake nomewa a binne ta tana ɗanya domin ta ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma galibi daga dangin wake take, tunda su ne ke jawo naitirojin daga iska. Na uku ita ce shukar kamun taki, wadda manufarta ta kwashe naitirojin da ya riga ya yi yawa a cikin ƙasa.

Shuka guda na iya yin aiki biyu ko ma duka ukun. Abin da ya bambanta su shi ne manufar manomi. Wanda ƙasarsa ta gaji yana neman abin da zai ƙara mata naitirojin, wanda kuwa ƙasar gidan ledarsa ta cika da taki yana neman abin da zai rage shi. Wannan ne ya sa ba a cika zaɓar wake ko waken suya ko gyaɗa a matsayin shukar kamun taki ba.

## Yadda taki ke tsiyayewa

Naitirojin na shiga ƙasa ta hanyar takin zamani irin su yuriya, da takin gargajiya irin su kashin kaji da na shanu, da ruɓewar ganye da saiwoyi, har ma da ruwan ban-ruwa idan shi kansa ya gurɓata. Da farko mafi yawansa yakan koma amoniyam. Amoniyam na ɗauke da cajin lantarki mai kishiyantar na ƙwayoyin laka da na ruɓaɓɓen ganye, don haka yakan manne a jikinsu, ruwa ba ya saurin tafiya da shi.

Idan ƙasa na da ɗumi da danshi da iska, wasu ƙwayoyin bakteriya, cikinsu har da *Nitrosomonas* da *Nitrobacter*, sukan mayar da amoniyam zuwa naitiret cikin 'yan kwanaki ko makonni. Cajin naitiret iri ɗaya ne da na laka, saboda haka ba ya mannewa. Yana nan narke cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Duk lokacin da ruwan da ya shiga ƙasa ya fi abin da za ta iya riƙewa, rarar takan gangara ƙasa ta tafi da naitiret. Da zarar ya wuce inda saiwoyi ke kaiwa, shuka ta rasa shi, sai ya ci gaba da gangarawa har ya iske ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Abubuwa biyu ne dole su haɗu kafin tsiyayewa ta auku: naitiret mai yawa a cikin ƙasa, da ruwa mai gangarawa. Ƙasa mai rairayi ta fi ta laka saurin tsiyayewa domin ba ta riƙe ruwa. Naitiret kuma ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja kalsiyam da maganiziyam da fotasiyam tare da shi, lamarin da ke ƙara wa ƙasa tsami a hankali. Fosforas ba ya saurin motsi domin ƙasa na riƙe shi sosai, amma a inda aka shafe shekaru ana jibga kashin kaji har ƙasa ta ƙoshi, shi ma yakan fara tsiyayewa.

### Illa ga ruwa da lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya miligiram 50 na naitiret a kowace lita a matsayin iyakar abin da ya dace a samu a ruwan sha. Wannan ya yi daidai da kimanin miligiram 11 na naitirojin a lita. A Amurka iyakar ita ce miligiram 10 na naitirojin a lita. An sanya wannan iyaka ne musamman domin jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan rijiya. A cikin jikinsu naitiret na iya komawa naitirait, wanda ke hana jini ɗaukar iskar oksijin yadda ya kamata, har fatar jariri ta yi shuɗi. Wani likita mai suna Hunter Comly ne ya bayyana alaƙar wannan ciwo da ruwan rijiya a jihar Iowa ta Amurka a shekarar 1945.

Lissafi mai sauƙi na nuna yadda ƙaramin abu ke isa ya gurɓata ruwa. Idan ruwa mai zurfin milimita 100 ya tsiyaye daga hekta guda, yawansa lita miliyan ɗaya ne. Kilo 11 zuwa 12 kacal na naitirojin ne ake buƙata ya narke a cikinsa kafin ya kai iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato ninki biyu na wannan adadi.

Naitiret da fosforas da suka isa tafki ko kogi kuma sukan sa gansakuka ta yi yawa. Idan ta mutu ta ruɓe sai ta cinye oksijin ɗin ruwan, kifaye su mutu.

## Dalilin da ya sa matsalar ta fi tsanani a gidan leda

Kayan lambu irin su tumatir, kokwamba, tattasai da yalo suna da tsada idan aka kwatanta da hatsi, kuma kuɗin taki ƙaramin kaso ne na abin da manomi ke samu daga gidan leda. Wannan ya sa manoma da yawa kan gwammace su zuba fiye da kima a kan su yi kasadar raguwar amfani. Ana yin noma sau biyu ko uku a shekara a wuri guda, kowane zagaye da nasa takin.

Yawancin saiwoyin waɗannan kayan lambu, musamman kokwamba, a saman ƙasa suke, cikin santimita 30 zuwa 40 na farko. Takin da ya wuce nan da wuya su same shi. Ɗumi da danshin da ke cikin gidan leda kuma na hanzarta ruɓewar takin gargajiya da komawarsa naitiret. A inda ake ban-ruwa ta hanyar malala ruwa a kwarin kunya, kowane ban-ruwa yakan tura wani kaso na takin ƙasa.

Akwai kuma matsalar gishiri. Tunda ruwan sama ba ya shiga gidan da ke rufe, ruwan da ke tashi daga ƙasa saboda zafi yakan bar gishirin taki a sama, har a ga farin ɓawo a fuskar ƙasa. Maganin da manoma da yawa suka saba da shi shi ne su cika gidan da ruwa ko su yaye ledar ruwan sama ya wanke. Wannan na gyara ƙasar saman, amma gishirin, wanda naitiret ne babban kasonsa, yakan ƙare a cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa.

## Misalin arewacin ƙasar Sin

A arewacin Sin akwai wani nau'in gidan leda da ke dogara da zafin rana kawai. Yana da katanga mai kauri ta ƙasa ko ta bulo a ɓangaren arewa, da rufin leda mai gangara da ke fuskantar kudu. Da rana katangar kan tara zafi, da dare kuma a lulluɓe ledar da tabarmin kara ko bargo mai kauri, sai katangar ta riƙa sakin zafin. Da wannan ake noman kokwamba da tumatir a tsakiyar hunturu ba tare da ƙona kwal ba. Irin wannan gida ya samo asali ne daga lardin Liaoning. A 1989 ƙauyen Sanyuanzhu da ke Shouguang a lardin Shandong, ƙarƙashin jagorancin Wang Leyi, ya gina guda 17, daga nan kuma dabarar ta bazu har Shouguang ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kayan lambu na ƙasar.

A tsarin da aka fi bi, ana noma sau biyu a shekara: ɗaya daga wajen Fabrairu zuwa Yuni, ɗayan kuma daga ƙarshen Agusta ko Satumba zuwa Janairu. A tsakaninsu akwai hutun wata biyu zuwa uku, lokacin da zafi ya yi yawa a cikin gidan, farashin kayan lambu kuma ya faɗi saboda na fili sun shigo kasuwa. Manoma da yawa sukan cire ledar a wannan lokaci. Sai dai a wannan yanki fiye da rabin ruwan saman shekara yana sauka ne a watannin Yuni zuwa Agusta. Don haka ruwan yakan tarar da ƙasa mai ɗumi, cike da naitiret, babu kuma ko saiwa ɗaya mai rai da za ta tsotse shi.

Wani bincike da Ju Xiaotang da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya kwatanta gonakin alkama da masara, da gonakin tuffa, da gidajen leda a lardin Shandong. Ya gano cewa naitirojin da ke shiga gidajen ledan ya haura kilo 3,000 a kowace hekta a shekara, kuma bayan girbi ana samun fiye da kilo 1,000 na naitirojin a siffar naitiret cikin santimita 90 na farko na ƙasar. Rijiyoyi marasa zurfi na yankin gidajen ledan su ne suka fi gurɓata. Irin wannan sakamako ne ya sa masu bincike a jami'o'i da cibiyoyin aikin gona na Beijing da Shandong da Hebei suka shiga gwada shuke-shuken da za su cike gurbin hutun.

Daga cikin waɗanda aka gwada, masara mai zaƙi ce ta fi karɓuwa. Tana son zafi da ruwa, tana nuna cikin kwana 70 zuwa 90, saiwoyinta na iya wuce mita guda, kuma ana sayar da ɗanyen goyonta, don haka manomi na samun wani abu a hannu. Ba a sa mata taki ko kaɗan, ragowar da ke ƙasa ta ishe ta. A 2015 ma'aikatar aikin gona ta Sin ta fito da shirin dakatar da ƙaruwar amfani da takin zamani zuwa 2020, kuma noman kayan lambu na cikin sassan da aka fi mayar da hankali a kansu.

## Yadda shukar ke aiki

Hanya ta farko ita ce ɗaukar naitirojin kai tsaye. Shukar na tsotse naitiret ta gina ganye da kara da shi, kuma muddin yana cikin jikinta ruwa ba zai tafi da shi ba. Masarar da ta yi kyau takan ɗauki kilo 100 zuwa 200 na naitirojin a hekta, tare da fotasiyam mai yawa da ɗan fosforas.

Hanya ta biyu ita ce rage ruwan da ke gangarawa. Shuka mai ganye da yawa tana shan ruwa ta fitar da shi ta ganyenta zuwa iska. Ƙasar da shuka ta busar tana iya karɓar ruwan sama na gaba ba tare da ta tsiyaye ba, saɓanin ƙasar da aka bari tsirara wadda ke nan jiƙe. A shekarar da ruwa bai yi yawa sosai ba, wannan hanya na iya yin tasiri daidai da ta farko ko ma fiye.

Hanya ta uku ita ce dawo da takin da ya riga ya nutse. Shuka mai dogayen saiwoyi kan kai inda tumatir da kokwamba ba sa kaiwa, ta ɗauko naitiret zuwa sama. Binciken da Kristian Thorup-Kristensen da abokan aikinsa suka yi a Denmak ya nuna cewa zurfin saiwa da saurin nutsewarta sun fi yawan saiwar muhimmanci. A gwajinsu saiwar radish na kiwo ta wuce mita 2, yayin da ta ciyawar *Lolium multiflorum* ba ta kai mita guda ba, kuma radish ɗin ya fi kwashe naitiret daga can ƙasa.

Akwai kuma wasu shuke-shuke da saiwoyinsu ke fitar da sinadarai masu rage wa bakteriyar ƙasa saurin mayar da amoniyam naitiret. An tabbatar da wannan a dawa, wadda saiwarta ke fitar da wani sinadari mai suna sorgoleone, da kuma ciyawar *Brachiaria humidicola*. Cibiyar JIRCAS ta Japan ce ta jagoranci yawancin binciken da aka yi a wannan fanni.

Ana auna tasirin shukar ta hanyar ɗibar ƙasa daga zurfi daban-daban kafin shuka da bayan girbi, da binne ƙananan kofunan tangaran masu tsotso ruwan ƙasa, ko kuma da manyan akwatuna da ake binnewa su tara duk ruwan da ya tsiyaye. Daga nan a kwatanta da fegin da aka bari babu shuka.

## Ire-iren shuke-shuken da ake amfani da su

Ana son shukar kamun taki ta kasance mai saurin tsiro da girma, mai zurfin saiwa, mai jure zafi da gishiri da yawan ruwa, mai arahar iri, kuma wadda ba danginsu ɗaya da kayan lambun da za a dasa bayanta ba.

* Masara mai zaƙi da masarar kiwo. Su ne aka fi amfani da su a Sin. Idan manufar kamun taki ce kawai, akan shuka su kusa da juna fiye da yadda aka saba.
* Dawa, ciyawar Sudan da haɗin su biyun. Suna jure zafi da gishiri, suna tara kara da ganye mai yawa cikin ɗan lokaci. A Japan ana kiran irin waɗannan da sunan da ke nufin shukar tsabtace ƙasa, kuma an daɗe ana shuka su a gidajen leda tare da masara da ciyawar Gini domin rage gishiri.
* Gero da danginsa. Suna dacewa da inda hutun gajere ne ko ruwa ya yi ƙaranci.
* Alayyafo. Yana tsirowa da sauri, yana son naitirojin, ana kuma sayar da shi, amma yakan tara naitiret mai yawa a ganyensa idan ƙasar ta cika taki.
* Radish na kiwo, mastad da ciyayin sanyi. Ana amfani da su a gidajen leda marasa ɗumama na Turai, inda hutun yakan faɗo a hunturu.
* Furen *Tagetes*. Ba ya kwasar naitirojin kamar masara, amma yana rage wasu tsutsotsin da ke lalata saiwa, don haka akan shuka shi domin amfani biyu.

## Gudanarwa

Lokacin shuka shi ne abu mafi muhimmanci. A makonni biyu zuwa uku na farko shukar ƙarama ce, ba ta ɗaukar taki ko ruwan kirki. Idan ruwa mai ƙarfi ya sauka a wannan lokaci, naitiret zai wuce kafin saiwa ta same shi. Saboda haka ake shukawa nan da nan bayan an cire amfanin baya. Wasu manoma sukan rena masarar a wani wuri su dasa, wasu kuma sukan shuka ta a tsakanin layukan tumatir kafin a gama girbinsa. Jinkirta yaye leda har shukar ta kama ƙasa shi ma yana taimakawa.

Ba a sa wa shukar kamun taki taki, kuma ba a ba ta ruwa sai daidai abin da zai sa ta tsiro. Idan aka yi mata ban-ruwa mai yawa, ruwan da kansa zai wanke abin da ake son ta kama.

Bayan girbi manomi na da zaɓi biyu. Zai iya sare shukar ya fitar da ita daga gidan, ya ba dabbobi ko ya yi takin ruɓi da ita a wani wuri. Wannan ne ya dace da ƙasar da taki da gishiri suka yi wa yawa, domin ta haka ne kawai sinadaran ke barin gidan. Ko kuma ya yayyanka ta ya binne a cikin ƙasa, abin da ke ƙara wa ƙasa laushi da riƙon ruwa. A wannan hali naitirojin yana nan, an dai ajiye shi ne na ɗan lokaci.

Saurin dawowarsa ya danganta da yawan kabon da ke jikin shukar idan aka kwatanta da naitirojin. Ɗanyen ganye mai taushi yakan ruɓe cikin makonni ya saki naitirojin. Busasshen karan masara ko na dawa, wanda kabon ɗinsa ya ninka naitirojin fiye da sau 25 zuwa 30, yakan sa ƙwayoyin ƙasa su ari naitirojin daga ƙasa kafin su ruɓar da shi, sai daga baya su sake shi. A ƙasar da taki ya yi yawa wannan alheri ne, a ƙasa mai ƙarancin taki kuwa yana iya sa sabon dashe ya yi rawaya. Ko wanne aka bi, ya kamata a gwada ƙasa kafin dashe na gaba, a rage takin da za a zuba gwargwadon abin da ke ciki. Idan aka binne shukar sannan aka zuba taki kamar yadda aka saba, an dai ɗaga tsiyayewar ce zuwa wani lokaci.

## Iyakoki da matsaloli

Babbar iyakar dabarar ita ce yawan abin da shuka za ta iya ɗauka. Idan ragowar naitirojin a ƙasa ta kai kilo 1,000 a hekta, masarar da ta ɗauki kilo 150 ta bar mafi yawansa. Tasirin shukar ya fi bayyana a gidan da aka riga aka daidaita taki da ruwa, misali ta hanyar ban-ruwa na ɗigo da ake haɗa taki a ciki kaɗan-kaɗan bisa buƙatar shuka.

Hutun tsakanin noma biyu lokaci ne da manoma ke yin wasu ayyuka. A Sin da ƙasashen bakin Bahar Rum akan jiƙa ƙasa, a rufe ta da leda, a kulle gidan na wasu makonni domin zafin rana ya kashe cututtuka da tsutsotsin saiwa. Ba za a iya yin wannan a lokaci guda da shukar kamun taki ba, kuma manomin da cuta ta addabi gidansa yakan fifita kashe cutar. A wuraren da ake noma duk shekara babu hutu, babu ma gurbin da za a sa shukar.

Zaɓen shukar da ba ta dace ba na iya renon ƙwari da cututtuka har zuwa dashe na gaba. Alayyafo, alal misali, yana iya ɗaukar tsutsar da ke sa ƙulli a saiwa, kuma idan aka bar shi ya zubar da iri zai zama ciyawa. Shukar da aka bari ta daɗe kuma tana iya busar da ƙasa ko ta jinkirta dashe, wanda ke nufin rasa farashin farkon kasuwa.

Akwai haɗari wajen ciyar da dabbobi. Karan da ya girma a ƙasa mai yawan naitiret yakan tara shi, musamman a gindi, kuma yana iya kashe shanu da tumaki idan suka ci da yawa. Ƙaramar dawa da gyauronta kuma suna ɗauke da sinadarin da ke komawa guba a cikin tumbin dabba, abin da makiyaya suka daɗe da sani. Don haka akan bari dawar ta girma, a sare ta sama da gindi, a shanya ko a adana ta a rami ta yi tsami kafin a bayar.

Daga ƙarshe akwai batun kuɗi da ƙwadago. Amfanin tsabtar ruwan ƙarƙashin ƙasa na jama'a ne gaba ɗaya, amma kuɗin iri da wahalar aiki a cikin zafi na manomi ne shi kaɗai. Wannan ne dalilin da ya sa shukar da ake iya sayarwa ta fi yaɗuwa, kuma ya sa wasu ƙasashe suka bi ta hanyar doka ko tallafi.

## A wasu ƙasashe

A 1991 Tarayyar Turai ta kafa dokar naitiret, wadda ta wajabta wa ƙasashe su ware yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, su kuma taƙaita takin dabbobi a cikinsu zuwa kilo 170 na naitirojin a hekta a shekara. Denmak ta wajabta shukar kamun taki a wani kaso na gonakin fili tun ƙarshen shekarun 1990.

A lardin Almeriya na Sifaniya akwai gidajen leda da suka mamaye fiye da hekta 30,000, mafi yawansu a kan ƙasar da aka shimfiɗa wa rairayi, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasar yankin na cikin waɗanda aka ayyana a matsayin masu haɗarin naitiret. Tunda ba a yaye leda a can kuma ruwan sama kaɗan ne, ban-ruwa ne ke haddasa tsiyayewar, don haka an fi mayar da hankali ga daidaita ruwa da taki. A Holan kuwa yawancin tumatir da kokwamba da tattasai ana noma su ne ba a cikin ƙasa ba, ana tara ruwan da ya tsiyaye a sake amfani da shi. Shukar kamun taki ba ta da aiki a irin wannan tsari, sai a gidajen da har yanzu ake noma a ƙasa, kamar na masu noma ba tare da takin zamani ba.

A yankin savana na Afirka ta Yamma, ciki har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar, an san wani yanayi mai kama da na Sin a lambunan rani. Bayan an kwashe tumatir da albasa da tattasai, ragowar taki na nan a ƙasa, sannan ruwan farko na damina yakan tayar da ƙwayoyin ƙasa su saki naitiret mai yawa lokaci guda, abin da masanin ƙasa H. F. Birch ya bayyana a Gabashin Afirka a 1958. Manomin da ya shuka masara ko dawa ko gero a fegin lambu da faɗuwar damina yana yin aikin kamun taki ne, ko da bai kira shi da wannan suna ba. Dawa da gero da ciyawar Sudan duk 'yan asalin Afirka ne, kuma daga Khartoum aka kai irin ciyawar Sudan Amurka a 1909.

## Duba kuma

* Takin zamani
* Noman rani
* Ruwan ƙarƙashin ƙasa
* Juya amfanin gona
* Ban-ruwa na ɗigo